Shekarar da Babanku Ya Yi Waƙa

Babanku ya yi waƙa sau ɗaya tak a gidanmu na unguwar Ƙiblatain a Madina, kuma ni na sa shi. Haruna, kana da shekara shida a lokacin, Safiya tana goye, Bilal kuwa ba a haife shi ba. Saboda haka abin da kuka sani game da wannan shekarar daga bakin wasu kuka tsince shi, rabi da rabi. Da Hausa nake rubuta muku, ko da yake na san sai kun yi da gaske kafin ku karanta, domin idan na kama Larabci sai in riƙa faɗin abin da ya dace a faɗa, ba abin da ya faru ba.

Kun san mutumin Tirinidad ne, wani tsibiri can gefen Amurka, kun kuma san ya zauna a Landan kafin ya zo Madina. Irin zaman da ya yi a can ne ba ku sani ba. Ni ma ba a zama ɗaya na same shi ba, cikin shekaru na tattara shi, yau kaɗan gobe kaɗan, yawanci a kan shayin la'asar. Bayan yaƙin duniya na biyu Ingila ta rasa masu yi mata aiki, sai ta buɗe ƙofa ga mutanen tsibiran da take mulka. Suka riƙa zuwa jirgi bayan jirgi, baƙaƙe kamarmu, jikokin waɗanda aka kwashe daga ƙasashenmu zamanin bauta. Babanku ya je yana saurayi, lokacin sunansa Josef, ana ce masa Jo, ya samu aikin ɗaukar kaya a tashar jirgin ƙasa. Ya ce aiki bai yi wuyar samu ba, ɗaki ne ya yi wuya. Sai ka ga takarda a taga an rubuta akwai ɗakin haya, ka ƙwanƙwasa, matar gidan ta leƙo ta ga fuskarka, ta ce yanzun nan aka kama. Su biyar suka zauna a ɗaki ɗaya kusan shekara biyu, da risho a tsakiya don ɗumi, wani ya tashi ya tafi aiki wani ya kwanta a gurbinsa tun shimfiɗar ba ta huce ba.

A cikin wannan zaman ne waƙar ta riƙe su. Kalipso suke ce mata, tun daga gida suka taho da ita. Yadda ya kwatanta mini, ba waƙar yabon manya ba ce, ba kuma ta soyayya zalla ba. Ta fi kama da habaicin da matanmu suke yi a gidan biki, sai dai yawanci maza ke yi, kuma labari ake bayarwa daga farko har ƙarshe. Abin da ya faru ranar Talata, kafin Asabar ya zama waƙa. Mai gidan haya ya kulle banɗaki, waƙa. Wani sabon zuwa ya fita da takalmin roba cikin ƙanƙara ya zame a gaban ɗan sanda, waƙa. Wata ta aiko da wasiƙa daga gida tana tambayar ko gaskiya ne a Landan tsintar kuɗi ake yi a titi, ita ma waƙa. Tunda wuraren shaƙatawa na Turawa ba sa maraba da su, sai su haɗu ranar Asabar a ɗakin ƙasa na gidan wani daga cikinsu, a jingine gadaje a bango, mata su dafa shinkafa da wake da busasshen kifi, wannan ya zo da jita, wancan ya zo da gangar da aka ƙera daga gindin gangar mai ta ƙarfe. Ya ce mutumin da ya yi mako guda ana kiransa da sunan da ba nasa ba, a nan yake jin an faɗi abin da ke ransa, har a yi dariya a kai. Kowane mawaƙi da laƙabinsa mai kauri. Na babanku, da ya fassara mini, yana nufin Zakaran Tasha. Har faifai biyu aka buga masa.

Amma waƙar ba ita kaɗai ta zo masa ba, tare da kwalba ta zo. Ya kai ga ba ya iya buɗe baki a gaban jama'a sai ya sha, daga baya kuma ko ba jama'a sai ya sha. Wani Bakano da suke aiki tare, wanda yake shimfiɗa kwali a ɗakin ajiyar kaya ya yi sallarsa ba ruwansa da kowa, shi ne sanadin musuluntarsa. Ranar da ya karɓi shahada babu wanda ya ce masa ya rantse. Shi da kansa ya rantse a gaban liman cewa ya bar giya ya bar waƙa, domin a wurinsa abu ɗaya ne. Ya koma Yusuf. Bayan wasu shekaru ya samu gurbin karatu a Madina.

Kawunku Usman, yayana, shi ya kawo shi gidanmu. A Harami suka haɗu, ya ga baƙin mutum kamarsa ya yi masa Hausa, shi kuwa ya amsa da Larabcin littafi irin wanda ba wanda yake yi a kasuwa. Ya jawo shi cin tuwon Juma'a, daga nan ya zama ɗan gida. Da maganar aurena ta taso dangi sun yi surutu, wai ba a san asalinsa ba. Babanmu, Allah ya jiƙansa, wanda shi kansa da ƙafa ya taho daga ƙasar Kano ta Sudan, ya ce wanda ya san nisan hanya ba ya raina matafiyi. Ni ma an tambaye ni, na ce ina so. Usman ne ya yi zirga-zirgar takardar izinin aure kusan shekara biyu, tunda ni 'yar ƙasa ce shi baƙo. Shi ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa kan takardar zama, bayan ya gama karatu, shi ya sa shi a dukkan ɗinsa, wato shagonsa na dabino da littattafai kusa da Harami, inda Turancinsa ya yi amfani ga alhazai. Gidan hawa uku ne: Inna, mahaifiyarmu, a ƙasa, mu a tsakiya, Usman da iyalinsa a sama. Ku riƙe wannan, babu wanda ya yi wa babanku abin da Usman ya yi masa.

Babanku yana da uwa a Landan, kowa Mama yake ce mata, da ƙanwa, gwaggonku Gloriya, ma'aikaciyar jinya. Shi ya kai su can bayan ya ɗan zauna da gindinsa. Ba su musulunta ba, ba su kuma yi faɗa da shi a kan addini ba. Shekara guda kafin abin da zan ba ku labari, Gloriya ta rubuto cewa Mama ta fara mantuwa. Ya shirya ya tafi, ya yi sati uku ya dawo. Ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki kafin ya gaya mini. Ya shiga ɗakinta da jallabiyarsa da gemunsa, ta gaishe shi da ladabi kamar baƙo, ta nuna masa kujera. Sannan ta tambaye shi ko ta tasha ya biyo, ko ya ga ɗanta Jo, don yau ya yi latti. Ya ce mata shi ne Jo. Ta yi dariya ta ce wannan malamin akwai barkwanci.

Bayan nan Gloriya ta samu aikin shekara guda a asibitin wani kamfani a Yanbu, garin bakin teku nan Saudiyya. Gidan tsofaffin da ake kula da Mama a Landan yana buƙatar abin da albashinta na can ba ya kaiwa, ga shi kuma za ta zama kusa da ɗan'uwanta. Madina ba za ta shigo ba tunda ba Musulma ba ce, sai mu muka je. Usman ne ma ya ba mu aron motarsa. Muka same ta ranar Alhamis, muka shimfiɗa tabarma a bakin teku da yamma. Doguwa ce kamar babanku, abayar tana ta zame mata daga kafaɗa tana jawowa. Ni ba na jin Turanci, shi yake fassara mini. Ana cikin hira ta yi wata doguwar magana, na ga fuskarsa ta canja, sai ya juyo ya ce mini wai tana gaishe da Inna.

"Abu Haruna," na ce, "duk wannan maganar gaisuwa ce?"

Gloriya ta gane bai faɗa mini ba. Ta kama wuyan hannuna ta matse, ta haɗa ɗan Larabcin da ta koya a asibiti.

"Mama tabga guna," ta ce. Mama tana son waƙa. Ta nuna shi da yatsa. "Huwa. Jo."

Dole ya fassara sauran. Mama ta daina gane fuskoki, har ta Gloriya wani lokaci, amma ba ta manta waƙoƙi ba. Akwai wata da ya yi mata shekarar da ta iso Landan, wadda ba a taɓa sa wa a faifai ba. Kullum sai ta ɗauko ta, ta yi baiti biyu, ta kai wani wuri ta tsaya, ta nemi na gaba ta rasa, sai ta fashe da kuka har ta ƙi abinci. Gloriya ba ta riƙe sauran ba, tana yarinya lokacin. Ta bi tsofaffin abokansa, wasu sun mutu, wasu amshin kawai suke tunawa. Abin da take roƙo, ya rera ta a kaset ta kai mata idan ta tafi hutu.

"Na rantse," ya ce mata da Turanci, ya maimaita mini da Larabci. Ta ce masa wata magana mai zafi da bai fassara ba, ni ma ban tambaya ba. Muka kama hanya muka dawo Madina.

Sati uku na yi ina binsa da maganar. Ban iya hujjar malamai ba, shi ya yi karatu, abin da na sani kawai tsohuwa tana kuka. Idan na kawo abinci in tayar, idan yana ɗaura takalmi in tayar. Wata rana ya ajiye cokali.

"Ummu Haruna, ba hukuncin nake tsoro ba. Na san kaffarar rantsuwa, in ciyar da miskinai goma, shi ke nan. Kaina nake tsoro. Ba ki san mutumin da yake yin waƙar nan ba. Idan na buɗe masa ƙofa ban san da me zai shigo ba."

"A garin nan ina zai samu abin da kake tsoro?" na ce. "Ga Manzon Allah kusa da kai, ga ni a ɗaki. In ya shigo ni zan kore shi."

"Ba ki gane ba."

"Na gane uwarka ba ta cin abinci."

Na kai maganar wurin Inna, don ban saba ɓoye mata komai ba. Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba.

"Ni dai ban yi karatu ba, Rakiya," ta ce. "Amma da Usman ne a wata ƙasa, ni kuma ina can ina neman muryarsa, da ban tambayi malami ba."

Ranar wata Talata ya dawo daga dukkan bayan azahar, lokacin da ake rufewa sai la'asar. Bai cire jallabiya ba, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya ce, "Kawo musajjal ɗin." Yana nufin rakodar da yake naɗar darasi da ita. A nan ne nawa laifin yake. Na san Usman yana sama yana ƙailula, tare suka dawo. Na san da na ce mu bari sai Alhamis mu je Yanbu mu yi a can, da ba wanda ya ji. Amma na ji tsoron kafin Alhamis zuciyarsa ta juya. Na tura Haruna ƙasa wurin Inna, na sa sabon kaset. Mukayyif ɗinmu, na'urar sanyaya ɗaki, yana da ƙara kamar injin niƙa, dole muka kashe shi. Zafi ya taso, Safiya ta fara mutsu-mutsu a bayana, sai na buɗe tagar da ke kallon manwar, wato ramin iskan nan na tsakiyar gini da tagogin kowane hawa suke buɗewa a cikinsa. Ko tari ka yi a nan, na sama da na ƙasa sun ji. Na sani, na buɗe.

Ya fara, muryar ta ƙi. Ya sake, ta fito a shaƙe kamar mai karatu, ba gaba ba baya. Ya ce ba zai iya ba sai da abin da zai riƙe masa tafiyar. Na shiga madafa na ɗauko ƙwaryar da Inna ta ba ni ta aure, na kifa ta a kan ruwa cikin baho kamar yadda matanmu suke yi ranar suna, na ɗauki ludayi biyu. Na fara bugawa irin namu. Ya girgiza kai, ya miƙo hannu ya buga mini nasu a gwiwata da yatsu, akwai wani ɗan tsalle a ciki da ba mu da shi. Sau uku na gwada na kama. Sai ya rufe ido ya buɗe baki.

Shekara takwas ina aure da mutumin nan, ban san yana da wannan muryar ba. Mutum mai magana ƙasa-ƙasa, mai auna kowace kalma, sai ga shi yana dariya a cikin waƙa, yana canja murya, yanzu tsohuwa yanzu Bature, kafaɗunsa suna motsi. Na ji tsoro kaɗan, ba zan ɓoye muku ba, amma ban daina bugawa ba. Baiti bakwai ne, bai manta ko ɗaya ba. Daga baya ya gaya mini abin da take cewa. Labarin Mama ne ranar da ta sauko daga jirgin ruwa da baƙar tukunyarta ta ƙarfe a ka. Ma'aikacin kwastan ya tambaye ta me ke ciki, ta ce masa babu komai yanzu, amma ya dawo da yamma. Mai gidan haya ya yi ta ƙorafin warin barkono yana cewa zai kore su, makwabta suka kai ƙara, ƙarshenta dai aka wayi gari ga shi tsaye a bakin ƙofarta da farantinsa a hannu. Amshin kuwa yana cewa tukunya ba ta da fasfo, amma ga ta a Landan.

Yana kai ƙarshe na danna rakodar, sai muka ji ƙwanƙwasa. Ba wanda yake ƙwanƙwasa ƙofarmu haka sai mutum ɗaya. Babanku ya tashi ya buɗe. Usman yana tsaye da singileti da zane, barci bai gama sakin idonsa ba. Ya dube shi, ya leƙa ya ga baho da ƙwarya.

"A Madina?" ya ce. "A gidan Baba? Kai da ka gaya mini da bakinka ka rantse?"

"Na yi, ɗan'uwana. Zan yi kaffara."

"Yaya," na ce, "don mahaifiyarsa ce, ba ta da…"

"Ke yi mini shiru, Rakiya. Ke da kika ɗauki ƙwarya."

Babanku ya hana ni ƙarasa bayanin. Bayan Usman ya hau sama ya ce mini ba ya son a riƙa yawo da ciwon uwarsa a bakin mutane don a yi masa uzuri. Inna ce ta kira Usman ta yi masa bayani washegari. Ya ce mata ya ji, Allah ya ba ta lafiya, amma uwa ba ta halatta abin da mutum ya haramta wa kansa. A waɗancan shekarun kuma an tsananta a kan irin waɗannan abubuwa fiye da yadda kuka sani yanzu. Ba mu kaɗai muka ji ba, gidan da ke manne da namu ma sun ji, kafin Juma'a magana ta kai masallacin unguwa cewa surukin gidan Takarunan nan da ake ce wa malami kiɗa yake yi da rana tsaka. Masu sayen littattafan Usman ɗalibai ne da malamansu. Bayan kwana goma ya kira babanku ya ce ba zai iya ci gaba da ajiye shi a dukkan ba, ya nemi wani kafilin, zai yi masa tanazul, wato ya mayar da takardunsa hannun sabon, ba tare da wahala ba. Gidan kuwa bai ce mu tashi ba, bai ma taɓa kawo maganar ba. Babanku ya ciyar da miskinai goma a bakin Harami, ya nemi aiki a Madina wata biyu bai samu ba. Gloriya ce ta ji ana neman tafinta a wani kamfani a Yanbu. Masaukin da suke bayarwa na gwauraye ne. Haka ya fara tafiya ranar Juma'a da yamma, ya dawo Laraba.

Kaset ɗin ya isa. Da Gloriya ta dawo daga hutu muka sake zama a bakin tekun, wannan karon komai ya fassara mini. Ta ce ta sa wa Mama da safe bayan an yi mata wanka. Da farko ba ta kula ba. Da aka zo amshi ta ɗago kai ta kama, ta bi shi baiti na ɗaya, na biyu, aka zo wurin da take tsayawa, Gloriya ta riƙe numfashi, sai Mama ta wuce tare da shi har ƙarshe. Sannan ta ce, "Jo ne wannan. Muryarsa ta yi tsatsa. Ba sa ba shi barkono a can?" Ta ce a sake sawa. Ranar ta cinye abincinta. Kullum sai an sa mata, har ta rasu bayan wata biyar. Da babanku ya gama fassara mini ya tashi ya nufi ruwa, ya jima a tsaye, ya dawo da gefen wandonsa a jiƙe ya ce mu tafi kada magariba ta same mu a hanya. Bai koma ga kwalba ba bayan haka, har ya koma ga Allah. Bai kuma sake yin waƙa ba, ni ma ban sake roƙonsa ba.

Yanzu ga abin da na ɓoye muku. Kun tashi kuna cewa Kawu Usman ne ya raba ku da babanku shekara goma sha huɗu, kuna ganinsa kwana biyu a mako kamar baƙo. Shekara biyu ne kawai na Usman. A ta uku ya aiko Inna cewa abin da ya wuce ya wuce, dukkan yana nan, Yusuf ya dawo. Na yi murna har na yi wa Inna kuka. Ranar Laraba na gaya masa tun bai ajiye jaka ba. Ya zauna ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Ki yi masa godiya," ya ce. "Amma zan zauna a can."

"Fushi kake yi da shi har yanzu?"

"Wallahi babu fushi. Ummu Haruna, akwai mutum uku 'yan tsibirinmu a matatar mai. Muna dafa abinci tare, muna magana irin tamu. Ba waƙa, kada ki ji tsoro. Magana kawai. A nan kullum ina lura da harshena, a masallaci, a dukkan, har a gaban Inna. A can ba na lura."

Na yi fushi da shi fushin da ban taɓa yi ba. Na ce ni da 'ya'yansa fa, mu ba mutanensa ba ne? Ya ce mu ne, shi ya sa yake dawowa kowace Laraba, kuma bai taɓa fashi ba, wannan gaskiya ne. Na nemi mu koma Yanbu gaba ɗaya, amma Inna ta fara ciwon ƙafa, ba mai kula da ita sai ni, ga makarantarku. Haka muka zauna. Ni na kai Haruna asibiti da ya karye, ni na je makarantar Bilal da aka kira uba. Da kuka fara tambayar me ya sa Baba ba ya zama da mu, kuka kuma kawo amsar da kanku daga abin da kuka ji a unguwa, ban gyara muku ba. Ya fi mini sauƙi ku ji haushin kawunku da in ce muku babanku ne ya zaɓa, kuma ni na buɗe masa hanyar. Usman ya san abin da kuke cewa. Bai taɓa kare kansa ba, ko da Haruna ya daina hawa sama gaishe shi. Wannan zaluncin nawa ne, ba naku ba, na kuma nemi gafararsa.

Da babanku ya rasu, Usman ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabarin a maƙabartar Baƙi'a ya karɓe shi, yana da shekara saba'in da ciwon baya. Rana ta uku ta zaman makoki, bayan la'asar mata sun ragu, ya aiko a ce yana son ganina. Na same shi a ɗakin Inna na da, yana zaune a bakin gado da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya kamar ba tare muka yi rashin ba. Ya yi ta juya sandar.

"Rakiya, akwai abin da nake son tambaya tun tuni. Waƙar nan da ya yi. Me take cewa?"

Na gaya masa. Tukunyar, da ma'aikacin kwastan, da barkonon, da mai gidan haya da farantinsa. Yana saurare bakinsa a ɗan buɗe.

"Shi ke nan?" ya ce. "Ba mata, ba giya?"

"Tukunya ce kawai, Yaya."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kuka yake yi, ashe dariya ce, irin wadda mutum yake ƙoƙarin dannewa a gidan makoki ta ƙi dannuwa. Ya sa gefen shimaginsa, mayafin kan nan na maza, ya toshe baki, hawaye suna zuba, ni ma ta kama ni, muka zauna mu biyu tsofaffi muna yi ƙasa-ƙasa kada baƙi su ji. Da ta lafa ya share fuska ya jima yana kallon ƙasa.

"Na tsaya a bakin taga har ya gama kafin na sauko," ya ce. "Ban taɓa gaya wa kowa ba. Mutumin nan ya iya."